Maganin Sauron Badamagare

Duk ranar Alhamis, da an idar da sallar magariba, sai abokin zamana ya fara sosa wuya yana cewa sauro ya dame shi. Ko da kuwa tsakiyar sanyin Alƙahira ne, lokacin da muke kwana da safa da hular sanyi, ba sauro ba, ko ƙuda ba ya iya ɗaga fiffike. Sai ya shiga kicin ya ɗora gawayi guda a kan gas, ya tsaya a kansa har ya yi ja, ya sa shi a ɗan kasko. Daga nan ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Can ƙasan akwatin akwai wani ƙunshi cikin ƙyallen atamfa shuɗiya da ta koɗe. Ya kwance shi a hankali, ya ɗebo garin da ke ciki da yatsu biyu, ya barbaɗa a kan wutar.

Ni kuwa ba na barin sati ya wuce ban tanka ba.

"Ustazu, wai ina sauron?"

"Ku Kanawa ai ba kwa ganin abu sai an liƙa masa farashi," in ji shi, ko kallona ba ya yi.

Shi Badamagare ne, ni Bakano, kowa kuwa ya san abin da ke tsakaninmu, ba a gama gaisuwa ba a tsokani juna ba. A shekarar 2011 muka kama haya tare a unguwar Darrasa, a saman wani tsohon bene da ke bayan shagunan littattafai. Ya girme ni da 'yan shekaru. Hadisi yake karantawa, ni ina fama da nahawu, nahawu na fama da ni. Mai gidan wata dattijuwa ce mai ciwon gwiwa, kowa Hajja yake ce mata, tana zaune a hawa na biyu ita da ɗanta. Mace ce mai kyauta da faɗa. In ta aiko mana da abinci muka mayar da faranti haka nan, sai ta tare mu a matakala ta ce wa ya rene mu? A Masar ba a mayar da kwano ba komai a ciki. Mu ma in muka kai mata ɗan kilishi a roba, sai robar ta dawo an goge ta tas har tana ƙyalli, cike da alewa.

Abin da ya sa nake damun mutumin nan da tsokana shi ne, a cikin ɗalibai babu wanda ya kai shi yaƙi da camfi. Ya ga laya a damtsen wani, sai an yi wa'azi. Ka ce idonka na rawa za ka ga baƙo, ya nemi ka kawo hujja. To mai irin wannan baki ya ce yana turara hayaƙin tsari da mahaifiyarsa ta haɗa masa? Ina! Ai gara a ɗora wa sauro.

Ni kuwa na sani sarai. Ƙamshin kaɗai ya isa ya tona shi. Akwai kajiji a ciki, akwai ƙaron hano, sai wani abu can ƙasa mai ɗan ɗaci da ban taɓa gane shi ba, kamar ƙasar da ruwan farko ya taɓa. In ya tashi sai ka rantse ɗakin wata tsohuwa ka shiga ka tarar ta gama shara. Wata rana da zazzaɓi ya kwantar da shi bakinsa ya yi sauƙi, ya gaya mini cewa da safen da zai baro gida mahaifiyar tasa ta yage gefen zanenta ta ƙulla masa. Tun daga nan, duk ɗan kasuwar da zai zo daga wajensu sai ta ba shi ƙari a leda, shi kuma ya juye a ƙyallen.

A 2013 ta rasu, muna tsakiyar jarabawa. Bai samu jana'iza ba, bai samu zaman makoki ba. Sai bayan wata biyu ya tuna ya tambayi 'yan gidansu abin da take haɗawa. Yayarsa ta ce ai gadon kakarsu ne, amma ita ba ta taɓa tsayawa ta gani ba. Ƙanwarsa ta ce ƙarya ne, wajen wata Buzuwa take saye a kasuwa, Buzuwar kuma an daina ganinta. Kawunsu ya ce ita da kanta take shiga daji ta tono, ba ta gaya wa kowa. Kowa da tasa, ba wanda ya iya haɗawa. Ma'ana dai, abin da ke cikin ƙyallen nan in ya ƙare ya ƙare ke nan. Daga lokacin yatsu biyu suka koma bakin farce. Wani satin ma hayaƙin ba ya kai rufi yake ɓacewa.

Wajen 2014 muka fara jin wata sabuwar kalma a bakin mutane, wai fudu. Busasshen ganye ne da ake sayarwa a 'yan ƙananan ledoji masu ƙyalli, kamar na alewar yara. Da sunan turaren ɗaki ake sayar da shi, amma ban taɓa jin wanda ya turara ɗaki da shi ba. Samari ne ke zuƙa. Wani ya ga bango yana numfashi, wani ya yi ta hira da kakansa da ya mutu, wani kuma sai dai a kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Da farko abin 'ya'yan masu kuɗi ne, can unguwannin Muhandisin da Zamalek. Kafin a ankara ya gangaro har lungunanmu.

Bamisire kuwa, Allah ya ba shi abubuwa da yawa, amma bai ba shi "ban sani ba". Kowa ka taɓa ya san asalin fudu, kuma ya san shi tun daga tushe.

Mai askinmu ne ya fara. Reza na kan maƙogwarona ya ce, "Daga wajenku yake, ya shaikh. Bokayen Afirka ne suke ƙona shi su kira aljanu. Wani matuƙin jirgin ruwa ne ya sato sirrin." Na so in tambaye shi shi Masar a wace nahiya take, amma na dubi rezar na ce, "Tamam, haka ne."

Direban tasi da ya kai mu Zamalek sabunta fasfo, da muka ba shi labari, ya ce mai askin jahili ne. A Amurka aka ƙirƙiro shi, don kwantar da zakunan da ake wasa da su a gaban jama'a. 'Ya'yan jakadu ne suka shigo da shi cikin jakunkunan da ba a bincikawa. Yana faɗa yana nuna mana gidajen da hannu ɗaya, ɗayan hannun na kan hon, sitiyari kuwa sai Allah. Da za mu dawo wani direban ya ce ba zakuna ba ne, bijimai ne, kuma ba Amurka ba ce.

Wani ɗan Maraɗi da ke karatun likita ya ce duk su bar wahalar da kansu. Ganyen ba komai ba ne, ko ganyen miya aka samu ya yi. Wani sinadari ne da ake yi a masana'anta a fesa masa, shi ya sa leda biyu ba sa zama ɗaya, wani ya yi dariya wani ya mutu. Amma wa ya fara, a ina, wannan ya ce Allah ne masani.

Nan fa Badamagare ya samu abin yi. Ka san masu hadisi, ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta, wato wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har a kai tushe. Sai ya mayar da duk Darrasa ajinsa. Ka ce masa zakuna, ya ce, "Wa ya gaya maka?" Ka ce wane. "Shi daga wa ya ji?" Wallahi duk labarin da ya bi, a mutum na uku yake tsinkewa, kuma kusan kullum a kan wani ƙanen matar wani da ke aiki a filin jirgi. Ban san mutum nawa ke aiki a filin jirgin nan ba. Sai ya dawo gida yana cire takalmi yana yanke hukunci: na mai aski ƙagagge ne, na direba mai rauni ne ƙwarai, na ɗan Maraɗi a iya rubuta shi tunda ya san inda iliminsa ya tsaya.

Na ce, "Ni fa duk ba su burge ni ba. Mu da muke da zaƙami a bayan gari, wanda in yaro ya yi gangancin taɓawa zai wuni yana kamun kifi a tsakar gida? In asali ake nema a zo Kano."

"Ko a hauka sai kun ce ku kuka fara," in ji shi.

Ranar Alhamis ce, yana durƙushe gaban kaskonsa. Bakina da ba ya gajiya ya ce, "To Ustazu, shi wannan maganin sauron naka fa? Yaya ta ce kaka, ƙanwa ta ce Buzuwa, kawu ya ce daji. Ina isnadinsa?"

Nan take na ji na wuce gona da iri. Sannan ya ce, "Nasa gajere ne. Daga hannunta zuwa nawa." Ya ƙulle ƙyallen ya mayar akwati.

Ɗan Hajja ba yaro ba ne, ya haura talatin. A wani kamfani yake aiki a Muhandisin, kullum da riga a goge, mai gaisuwa, shi ya taɓa gyara mana injin ruwan zafi bai karɓi ko shayi ba. Wata la'asar muna dawowa daga karatu muka same shi zaune a matakala, takalmi ɗaya a hannu, yana ba mitar wutar lantarki haƙuri. Da gaske yake, har da dafa ƙirji. Na fara dariya, sai na ga idonsa, dariyar ta koma. Jikinsa na karkarwa, gumi ya jiƙa rigar, can sai amai. Muka ciccibe shi muka kai ƙofar uwarsa. Ledar nan mai ƙyalli ta faɗo daga aljihunsa a gabanta. Ihun da matar nan ta yi har yau ina jin sa.

Washegari muka ji ana hawowa a hankali, ana hutawa, ana nishi. Hajja ce, wadda tun da muka tare a gidan, gwiwarta ba ta taɓa barin ta ta hawo samanmu ba. Ba ta zauna ba.

"Kowa ya ce daga ƙasarku abin nan yake," in ji ta. "Ni kuma duk Alhamis ina jin hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofarku. Na yi shiru don na ɗauke ku 'ya'ya. Ku gaya mini me kuke ƙonawa."

Kai, raina ya ɓaci. Mu da muka ɗauko mata ɗa? Na fara zuba Larabci, na littafi da na kasuwa duk a haɗe, ina cewa ta je Muhandisin ta tambayi masu shaguna in akwai baƙin mutum ko ɗaya a cikinsu. Badamagare ya dafa kafaɗata ya ce da Hausa, "Bari. Uwa ce." Ya durƙusa ya jawo akwatin, ya ɗauko ƙunshin ya kwance a gabanta.

"Na mahaifiyata ne, ya Hajja. Turare ne irin na tsofaffinmu, suna cewa yana tsare mutum. Ta rasu. Wannan ne ya rage."

Na kalle shi. Shekara uku ina neman ya faɗi wannan magana, da ya faɗe ta kuma ban ji daɗin komai ba.

Hajja ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago, ba ta gamsu ba. Ta ce sai an kai wa attar, mai sayar da itatuwan magani da kayan ƙamshi da ke bakin layinmu. Haka muka jera, ita a gaba tana ɗingishi, shi a baya ya rungume ƙunshin a ƙirji, ni ina ta ƙunƙuni.

Attar ɗin ƙaton mutum ne, yatsunsa kamar ayaba. Ya zura uku a ciki ya ɗebo, na ji kamar a cikina ya ɗebo. Abin da ya tafi a wannan ɗiba ɗaya ya ishi mutumina wata biyu. Ya murza, ya shaƙa, ya ɗanɗana, ya watsa a kan garwashin da ke gefensa. Ya gane abu biyu, ya kira sunayensu da Larabci. Na ukun ya gagare shi, sai ya ce bari ya ƙara, ya sake zura yatsun. Na ce, "Ya Hajji, ai ba shinkafar koshari ba ce!" Bai ma ji ni ba. Ya rufe ido ya buɗe, ya ce wa Hajja ta kwantar da hankalinta, wannan ko jariri aka turara wa barci kawai zai yi, babu maye a ciki ko kaɗan.

Da ma a nan ya tsaya. Ina! Sai ya gyara zama ya ce shi fudu ai duk mutane shirme suke yi, asalinsa na Masar ne. Fir'aunoni ne suke shaƙar wani furen Nilu su ga abin da ido ba ya gani, yana nan a zane a jikin duwatsu. Turawa suka zo suka kwafe, suka lalata shi da sinadari, suka dawo suna sayar wa jikokin masu abin. Wannan na mahaifiyar Ustazu ma, in ji shi, daga Masar ya tafi, ayarin raƙuma ne suka kai shi ƙasarmu. Na juya ina jiran Ustazu ya ce wa ya gaya maka. Bai ce ba. Yana can yana tattara garin da ya zube a kan kanta da gefen hannunsa. Abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu ba.

Hajja ta yi ta ba da haƙuri tana ma'alish tun daga shagon har gida. Da yamma faranti ya hawo, washegari wani ya biyo. Ta kai ɗanta wajen likita, ya ajiye aiki na ɗan lokaci. Wani satin mu gan shi ya fito fes, wani satin mu ji ana fasa kofuna a hawa na biyu. Matar nan ta rame har mayafinta ya yi mata yawa.

Sanyi ya shigo sosai lokacin da muka sake jin nishinta a matakala. Wannan karon ta zauna, ta karɓi shayi, ta yi ta juya kofin. Daga ƙarshe ta ce matan layi sun ce abin da Afirka ta ƙulla, Afirka ce ke kwance shi. Tana roƙon ya ba ta turaren mahaifiyarsa ta turara wa ɗanta.

Tabɗi! Jiya mu ne masu cutar, yau mu ne masu maganin. Na buɗe baki, ya harare ni na rufe.

"Ya Hajja," in ji shi, "ba zan yaudare ki ba. Fudu ba daga wajenmu yake ba, wannan kuma ba ya maganin komai. Itace ne da ƙaro. Ɗanki likita yake bukata, da addu'a."

"Likita na yin nasa," in ji ta. "Addu'a kuwa har muryata ta dushe. Amma ni fa, ya ibni, ɗana? In zauna in zuba masa ido? Hannuna me zai yi?" Ta nuna akwatin da haɓa. "Kana tsammani ita mahaifiyarka ba ta san itace ba ne? Ta sani. Ta ƙulla maka ne don ba za ta iya biyo ka ba."

Ya tashi ya ɗauko ƙunshin.

Na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Haba Ustazu, ka raba biyu mana!"

"Inna ba ta taɓa ba mai roƙo rabi ba," in ji shi. Ya miƙa wa Hajja da hannu biyu, ya ce da Larabci, "Ƙyallen kawai za ki dawo mini da shi, don Allah."

Da ta fita na rufe shi da faɗa. Na ce wannan ba kyauta ba ce, wauta ce irin ta Damagarawa, mutum ya ce abu ba magani ba ne sannan ya bayar da shi a matsayin magani. Ya bar ni na gaji don kaina. Sannan ya ce in kwantar da hankalina, shi ya yi lissafinsa. Garin da ma ƙarewa zai yi, ko bana ko baɗi. Amma ƙyallen ya sha ƙamshin shekara da shekaru, ya shiga kowane zare. Wannan ba ya ƙonewa, ba ya raguwa, zai ishe shi har ya tsufa. Na ce ashe dai zama da Bakano bai tashi a banza ba.

Kwanakin da suka biyo baya, da magariba ta yi sai ƙamshin ya taso daga hawa na biyu. Hajja ba ta san bakin farce ba, zubawa take yi, har matakala ta cika. Mutumina sai ya ɗauki littafi ya ce ɗaki ya yi masa zafi, ya je ya zauna a kan matakala cikin wannan sanyin, ya jingina kai da bango. Na leƙa na ce, "Ustazu, sauron ya koma ƙasa ne?" Ya ce, "Rufe mana ƙofa, iska na shiga." Tun rasuwar mahaifiyarsa bai shaƙi hayaƙin nan ya ƙoshi ba sai a waɗannan kwanakin. Bai fi sati ba aka daina jin sa.

Ɗan Hajja ya samu sauƙi, amma a hankali, da faɗuwa da tashi. Likita ya ce maganinsa ne. Hajja ta ce na Afirka ne. Attar ya ce ai da ma ya faɗa, na Fir'auna ne. Ustazu ya ce Allah ne, sauran duk isnadinsu a tsinke yake.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta hawo, fuskarta a sake, riƙe da faranti. A kan farantin ga ƙyallen nan. Da farko ban gane shi ba. Shuɗin ya fito, an goge shi, an ninke shi kusurwa huɗu, har gefen da ya zare an kalmashe shi da ɗinkin hannu mai kyau.

"Ya yi dauɗa ƙwarai, ya ibni," in ji ta, tana murmushi. "Sai da na jiƙa shi ya kwana, na wanke na sake wankewa kafin warin ya fita. Kuma ban dawo maka da shi haka nan ba." Ta buɗe ninkin. A ciki akwai wani gari mai ruwan ƙasa da 'yan ƙwayoyi. "Irin na mahaifiyata ne, na ƙauyenmu. Ni na haɗa da hannuna."

Innalillahi. Na kasa kallonsa, na kasa kallonta. Matar nan iyakar mutuncin da ta sani ta yi. Da ta dawo da shi yadda ta karɓa, a wajenta ta ci amanar maƙwabtaka ke nan.

Shi kuwa ya karɓa da hannu biyu. Ya yi mata godiya cikakkiya, ya yi wa mahaifiyarta addu'a, ya yi wa ɗanta, ya raka ta har ƙofarta saboda gwiwa. Da ya dawo ya juye garin a kofi, ya kakkaɓe ƙyallen, ya kai hanci. Ya juya ɗaya gefen. Ya bi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya, har inda ƙullin yake a da. Daga inda nake zaune ina jin ƙamshin sabulu.

"Ta iya wanki," in ji shi.

Ya zauna a bakin gado da ƙyallen a cinya. Ban taɓa jin tausayin namiji irin na ranar ba. Ga haushi ya cika ni, ga ba wanda zan ji haushinsa.

Alhamis ta zagayo. Aka idar da magariba, muka dawo, ya kwanta ya juya fuska bango. Bai sosa wuya ba. Na zauna ina sauraron masu shaguna suna ta hayaniya a ƙasa, ɗakin kuma ba warin komai sai na sanyi da littattafai. Na ga ba zan iya ba. Na tashi na shiga kicin, na ɗora gawayi a kan gas, na ƙona yatsa wajen sa shi a kasko, na kawo na ajiye a tsakar ɗaki. Na ɗauko kofin garin Hajja na dangwarar kusa da shi. Sannan na hau sosa wuya da ƙarfi.

"Ustazu, sauro ya dame ni."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi kaskon. "A wannan sanyin?"

"Ku Damagarawa ai fatarku ta yi kauri, ba kwa ji."

Ya daɗe a kwance. Can ya sauko ya durƙusa, ya ɗebo da bakin farce ya barbaɗa. Hayaƙin ya tashi, mai kaifi, mai ɗan yaji, ƙamshin gidan wasu.

"Ba shi ba ne," in ji shi.

"Na sani."

Ya share ido da bayan hannu, bai ce hayaƙi ne ba. Ya sake kai hannu kofin, wannan karon da yatsu biyu.

Har muka bar Masar a 2015, duk ranar Alhamis ni sauro ke cizo.